Zaren Tsaye da Zaren Kwance

Zaren ya sake zamewa ta gefen allurar, karo na tara ke nan. Gwaggo ta lashi bakinsa, ta murza shi tsakanin yatsu biyu har ya yi tsini, ta ɗaga allurar saitin taga. Allurar dai tana ganinta, wani siririn haske ne da yake rawa a hannunta. Hancin allurar ne ya ce sam ba ya nan.

"Gwaggo, an fara kuwa?" Manaja ne ya leƙo ta ƙofar da ta raba kanti da ɗakin aiki.

Ta kife tafinta a kan allurar. "Ina nazarin saƙar tukuna. Irin wannan aiki ba a yi masa gaggawa."

"Ƙarfe huɗu mai kwat ɗin zai zo. Don Allah ki fitar da ni kunya."

Shekara ashirin da shida ke nan tana zaune a wannan kusurwa ta shagon wanki da guga, tun zamanin mahaifin Manaja. Ita ce mai maɓallin da ya tsinke, da kalmasar da ta warware, da aljihun da ya huje. Kowa Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta, kuma duk wanda ya taɓa almakashinta sai ya ji daga bakinta.

Shekara biyu da suka wuce idanunta suka fara cin amanarta. Da farko hazo-hazo take gani idan rana ta yi sanyi, daga baya hazon ya samu wurin zama. Hannu dai bai manta komai ba, yatsunta suna gane tazarar ɗinki fiye da yadda idon wani zai gane. Zura zare ne kawai ya gagare ta. Sai suka shirya da maigidanta, tsohon direban bas wanda har gobe yana karanta lambar mota daga tsallaken titi. Kullum da safe, bayan ya sha shayi, zai zauna ya zura mata allura ashirin da huɗu, ya soke su a jikin soso cikin wani gwangwani, layin baƙi, layin fari, layin shuɗi, layin ruwan ƙasa. Ita kuma ta ƙirga da yatsa ta zaro wadda take so. Ba wanda ya sani a shagon.

Dole ta ɓoye. Manaja ya faɗa ya fi sau uku cewa kusurwar nan daidai take da injin guga na biyu, "duk ranar da Gwaggo ta gaji." Ta san ranar da ya gane ba ta gani, da girmamawa zai sallame ta, har ya rako ta bakin titi yana yi mata godiya. Daga nan sai zaman gida, ita da bango da rediyon tsohon direba. Wannan zama shi take tsoro, tsoro na gaske, wanda yake hana ta cin abinci idan ta tuna.

Yau kuwa gwangwanin bai da amfani. Kwat ce ta wani mutum, ruwan toka mai duhu, yadi mai tsada. Da safe Mai Guga ta fizgo ta daga inda ake rataye kaya, wata ƙusa ta kama ta a ƙirji, ta bar rami kamar girman farce. Irin wannan rami ba a toshe shi da zaren kanti. Daga jikin rigar ake zaro zare, a can cikin kalmasa inda ba a gani, a riƙa saƙa shi ɗaya bayan ɗaya har yadin ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Duk sanda irin aikin ya zo, gida Gwaggo take tafiya da shi. Wannan karon ba hali, mai kwat ɗin motar yamma zai bi, gobe da safe zai tsaya da ita gaban masu ɗaukar aiki.

Ta gwada na goma, ta gwada na goma sha ɗaya. Ta yi tsaki, ta tashi ta zaga bayan shago inda ake shanya, ta kira maigidan.

"Kana ina?"

"Ina zan kasance? Asibiti mana, layin masu hawan jini. Lamba ta hamsin da takwas aka ba ni, yanzu suke kan sha tara."

Ta faɗa masa abin da ake ciki, tana magana ƙasa-ƙasa tana waige.

"Ki gaya wa yaron nan gaskiya," ya ce. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Ba karin magana na kira ka ka yi mini ba."

"To me zan yi miki daga nan? In zura ta waya?"

"Ka ji da jininka," ta ce, ta kashe.

Ta koma kujerarta, ta juya kwat ɗin, ta buɗe kalmasar ƙasa da bakin reza. Da tsinin allura ta riƙa zaro zaruruwa masu tsawo, tana jera su a kan farar takarda. Wannan ko ido rufe za ta yi shi. Ta ɗauki siraran allurai shida, ta naɗe su tare da zaren, ta dunƙule a hannu, ta gyara mayafi.

"Ina zuwa," ta ce da Manaja a bakin kanti, ba ta tsaya jin amsa ba.

Rana ta riga ta buɗe, titi ya cika da hon da hayaƙi. Wurin mai sayar da tabarau ta fara tsayawa, wanda yake baza hajarsa a kan tebur kusa da tashar bas. Ya ɗora mata wannan, ya cire, ya ɗora mata wancan, har suka kai ga mai kauri kamar gindin kwalba. Hazon ya ƙara girma ne kawai.

"Mama, wannan ya fi ƙarfin teburina," ya ce. "Yanar ido ce ta rufe miki gani. Sai asibiti, kankarewa suke yi."

"Na tambaye ka? Zura mini wannan."

Ya zura mata ɗaya yana dariya. Matar kemis ta zura biyu, tana yi tana ba ta labarin kakarta, labarin da Gwaggo ba ta da lokacinsa. Mai jarida ya karɓa da ƙarfin hali, yatsunsa kamar na mai fasa dutse, ya tsinka mata zare biyu kafin ta ƙwace abinta. Wata mata mai jiran bas ta zura ta huɗu, motarta ta iso, saura ƙiris ta shige da allurar a hannu, sai da Gwaggo ta bi ta tana "Baiwar Allah! Baiwar Allah!" Sauran biyun mai gyaran waya ne ya zura su a ƙarƙashin fitilarsa, kafin ta gama yi masa bayani ya miƙo mata.

Ta dawo tana haki. Mace mai shekara sittin da uku, wadda ta koya wa mutum ya fi ashirin riƙon allura, yau ita ce take bin titi tana roƙon a zura mata zare. Kunya ta cika mata ciki, amma ta haɗiye ta, ta zauna.

Da allura ta shiga yadi sai hankalinta ya ɗan kwanta. Sama da zare ɗaya, ƙasa da ɗaya, sama da ɗaya, babban yatsanta yana bin bayan allurar yana shafawa. Cikin minti goma sha biyar allurai shida suka ƙare. Ramin kuma yana neman zare wajen talatin.

Ta sake fita. Ta sake dawowa. A fita ta uku Manaja ya ɗago kai daga kayan da yake karɓa.

"Gwaggo, lafiya kike ta zirga-zirga?"

"Cikina ne," ta ce. "Ko shi ma sai na nemi izini?"

Ya mayar da kansa kan aikinsa. Wannan karon kai tsaye wurin mai gyaran waya ta nufa, ta tarar da mutum huɗu a gabanta. Ta tsaya tana sauke ƙafa tana ɗagawa, tana tambayar kowa ƙarfe nawa. Da ta dawo ɗaya da rabi ta gota, zufa ta jiƙa mata baya.

Duk wannan abu a kan idon Mai Guga ake yinsa. Mace ce ƙatuwa mai damatsa, bakinta ya fi dutsen gugarta zafi. Shekara goma sha ɗaya suna faɗa da Gwaggo a kan taga, ɗaya na so a buɗe saboda tururi, ɗaya na so a rufe kada iska ta kwashe mata zare. Yau dai bakin ya mutu, tun safe take guga idanunta jajur, don ta san idan kwat ɗin ba ta gyaru ba ita za ta amsa tambaya. Wajen ƙarfe biyu ta kasa haƙuri, ta jingine dutsen guga, ta zo ta tsaya a kan Gwaggo.

"Matsa, kin tare mini haske."

Mai Guga ba ta matsa ba. Ta sunkuya, ta karkata kai, ta sake karkatawa.

"Gwaggo, wurin nan ya fi sauran haske."

"Bakinki ne ya fi haske." Gwaggo ta shafa wurin da babban yatsa. Sumul yake, ba tudu ba kwari. "Taɓa ki ji, idan kin san aiki."

"Ni ba taɓawa na ce ba, gani na ce. Wallahi kamar an ɗiga alli. Daga bakin ƙofa ma za a hango shi."

Gwaggo ta janye yatsanta. Ta ɗaga kwat ɗin saitin taga, ta kawo ta kusa da hanci, ta nisanta ta. Toka ce kawai, toka daga wuya har ƙasa. Ta ajiye ta a cinya, ta buɗe ɗinkin gefe da reza, ta zaro zare guda daga nan, ta kwantar da shi a kan takarda kusa da waɗanda ta zaro daga kalmasa.

"Faɗa mini abin da kika gani."

"Wannan baƙi ne wuluk. Waɗannan kuma toka ce mai haske."

Ashe haka saƙar take. Zaren tsaye baƙi, zaren kwance toka, haɗuwarsu ce ta ba da launin kwat ɗin. Ita kuwa duk daga kalmasa ta zaro, duk na kwance ne, ta saƙa toka a kan toka. Abin da ake fara dubawa ke nan kafin a taɓa allura. Da bakinta ta sha faɗa wa masu koyo cewa wanda bai raba tsaye da kwance ba, gara ya je ya koyi wanki.

Mai Guga ta dubi takardar, ta dubi gwangwanin allurai da yake buɗe a gefe, layi-layi, kowace da zarenta. Sannan ta dubi idon Gwaggo sosai, abin da ba ta taɓa yi ba cikin shekara goma sha ɗaya.

"Innalillahi. Tun yaushe?"

"Rage murya."

"Tun yaushe, Gwaggo?"

"Shekara biyu."

"Ni fa na ɗauka tsabar iyayi ne ya sa kike zuwa da su a jere kamar sojoji." Ta jawo wani bokiti ta kife ta zauna, bokitin ya yi ƙara. "Shi ya sa wancan wandon."

"Wane wando?"

Mai Guga ta kama bakinta, amma magana ta riga ta fita. "Watan jiya. Wando shuɗi, kin ɗinke masa gwiwa da baƙin zare. Da wata riga ma kafin shi. Ina guga na gani."

"Kika yi shiru? Kika bari suka fita?"

"To wa ya isa ya ce wa Gwaggo ta yi kuskure? So kike ki cinye ni ɗanya?"

Wannan ta fi duk abin da ya same ta yau ciwo. Wani bawan Allah yana can yana yawo a gari da baƙin ɗinki a gwiwa, idan an tambaye shi wa ya yi masa wannan aika-aika, shagon nan zai nuna. Ta ji hawaye suna neman zuwa, ta kore su da tsaki.

"Ƙarfe nawa?"

"Biyu da kwata."

"Na kwance suna daidai. Na tsayen za mu cire. Kina iya zura allura, ko ita ma ƙone ta za ki yi?"

"Kawo nan, tsohuwa."

Gwaggo ta riƙa cire na tsayen ɗaya bayan ɗaya, tana jin kowane yana fita kamar daga jikinta ake jansa, don kowane sai da ta taka titi ta roƙa. Mai Guga tana zaro baƙi daga ɗinkin gefe, tana zurawa, tana miƙowa. Zaren gefen gajeru ne, wani sai Gwaggo ta fara saƙa allurar a cikin yadin, sannan Mai Guga ta sunkuya ta zura shi a nan inda take, numfashinta yana sauka a hannun Gwaggo.

"Kin ci albasa," in ji Gwaggo.

"Ki gode Allah hancinki na aiki."

Kayan guga suka taru a kan tebur, ba mai kallonsu. Sau ɗaya Manaja ya leƙo ya ce, "Ke kuma me kike yi a nan?" Mai Guga ta ce, "Ni na ɓata, ni zan riƙe mata." Ya duba agogo, ya koma. Ƙafar Gwaggo ba ta daina kaɗawa a ƙarƙashin tebur ba. Bayan kowane zare sai ta tambaya, "Yaya?" Mai Guga ta ce, "Yana ɓacewa," ko ta ce, "Wannan ya hau kan ɗan'uwansa, koma baya." Karo biyu ta koma baya ba tare da musu ba.

Huɗu saura kwata ta datse zare na ƙarshe. Ta mayar da kalmasa da ɗinkin gefe, Mai Guga ta shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle a kan wurin, ta danna dutsen guga, tururi ya tashi.

Manaja ya karɓi kwat ɗin ya kai bakin taga. Ya duba ƙirjin hagu, ya duba na dama, ya koma na hagu. "Wai a ina ne ma?" Da mai kwat ɗin ya zo, Manaja bai ɓoye masa ba, ya faɗa masa abin da ya faru. Mutumin ya ɓata rai, ya sa tabarau, ya bi ƙirjin da ido har sau biyu, ƙarshe ya yi dariya ya ce ko dai tsokanarsa ake yi. Ya saɓa abarsa a kafaɗa ya fita da sauri.

Gwaggo ta jingina da bango, ta rufe idanun da suke yi mata zafi. Yatsunta sun ƙage. Tana jin Mai Guga ta koma kan tarin kayanta, har ta fara 'yar waƙa.

Ba a jima ba Manaja ya shigo, fara'a har kunne, da wata doguwar riga a hannunsa.

"Gwaggo, yau kin wanke ni tas. Wata mata tana kanti sanda ake neman wurin, ta koma mota ta ɗauko wannan, wai sigari ya ƙona mata. Na ce ta kwantar da hankalinta. Gobe ma zan sa a rubuta a allon waje, ana facin da ba a gani. Maganar inji kuwa a bar ta, kusurwar nan taki ce."

Ya ɗora mata rigar a cinya. Ta bayan kafaɗarsa Mai Guga ta yi gyaran murya mai ƙarfi, irin wadda ke cewa karɓi kawai, ina nan. Kuma Gwaggo ta san da gaske take. Za ta iya cewa to, ta ninke rigar, ta tafi da ita gida, gobe ta dawo kujerarta kamar kullum. Abin da ta wuni tana gudu a kansa ke nan, ga shi an miƙo mata har cinya.

Ta shafa rigar. Yadi ne mai santsi, mai sanyi. Kafin Manaja ya nuna mata, yatsanta ya riga ya faɗa cikin ramin, can ƙasa da kugu, gefensa ya ƙandare da ƙuna. Aikin awa biyu ne. Amma wandon nan ya ƙi barin ranta, shi da rigar da ta riga shi fita, da waɗanda ko Mai Guga ba ta lura da su ba. Matar da take tsaye a kanti ta ba da rigarta ne saboda an ce mata akwai mai gani a ciki.

Ta ɗaga rigar saitin taga, ta daɗe tana kallo.

"Manaja."

"Na'am, Gwaggo."

"Wannan baƙa ce, ko shuɗiya?"

Ya yi dariya. Ya jira ta yi tata dariyar, ba ta yi ba. Waƙar Mai Guga ta tsaya. Ya dubi rigar, ya dubi fuskar Gwaggo da ta juyo gare shi tana jiran amsa, dariyar ta bar fuskarsa a hankali.

"Koriya ce, Gwaggo," ya ce.

"To," ta ce, ta sauke rigar a kan cinyarta. "Ka dai ji."